Atisayen tafiya ga mai toshewar jijiyoyin jini na ƙafa

Mutum yana cikin tafiyarsa lafiya lau, bai kai mita 200 ba, sai sha-raɓarsa ta ɗaure kamar an matse ta da igiya. Ya tsaya gefen hanya, ya ciro waya yana dubawa don kada a gane, bayan minti biyu ko uku ta sake shi. Ya ci gaba, da ya ƙara cin daidai wancan nisan sai ta sake kamawa. Wannan shi ne alamar farko da aka fi sani ta toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, cutar da ke damun fiye da mutum miliyan 200 a duniya. Kitse da dattin jini ne ke taruwa a bangon jijiyar har hanyar ta ƙuntata. Idan ana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi tsoka. Da an fara tafiya, buƙatarta ta iskar oksijin ta ninka, jijiyar ta kasa kawowa, sai tsokar ta yi kuka.

Abin da hankali ke ba mutum shi ne ya rage tafiya, kuma nan ne asarar take farawa. Tsokar da aka daina mora ƙara lalacewa take yi, nisan da ake iya ci ya ragu daga mita 200 zuwa 100, daga nan zuwa bakin ƙofa. Maganin da ya fi kowane tabbaci a wannan mataki shi ne a tafi har ciwon ya zo, a tsaya ya lafa, a sake tafiya, a maimaita haka cikin tsari. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa shi a sahun farko na magani a ƙa'idojinta na 2016, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila kuma tun 2012 ta ce a ba kowane mai wannan ciwo atisayen awa biyu a mako na tsawon wata uku kafin a yi zancen buɗe jijiya.

Kafin a ɗaga ƙafa

Sai an tabbatar ciwon na jijiyar jini ne, domin akwai masu kama da shi. Na jijiyar jini yana da ɗabi'a guda: tafiya ce ke kawo shi, a kusan nisa ɗaya kullum, yana saurin zuwa a kan tudu, kuma tsayawa kawai ta isa ta kore shi cikin ƙasa da minti 10. Wanda ya taso daga matsewar jijiyoyin laka a ƙashin baya kan zo ko mutum yana tsaye wuri ɗaya, yana tafe da mutuwar ƙafa ko jin kamar ana tsira allura, kuma sai an zauna ko an sunkuya gaba yake sauƙi. Na gaɓoɓi a gwiwa ko kwankwaso yake zama, tun takun farko. Wurin da ciwon yake ma yana nuna inda toshewar take: sha-raɓa na nuna jijiyar cinya ce ko ta bayan gwiwa, cinya da ɗuwawu kuma na nuna matsalar tana sama, a manyan jijiyoyin ƙugu.

Gwajin da ke raba gardama shi ne ABI, wato kwatanta hawan jinin ƙafa da na hannu. Ana auna hawan jini a idon sawu, a auna na dantse, a raba na farko da na biyu. Sakamakon 0.90 ko ƙasa da haka ya tabbatar da cutar. Daga 1.00 zuwa 1.40 lafiya ne. Idan ya haura 1.40, jijiyar ta ƙandare ne har robar awo ba ta iya matse ta, abin da ake yawan gani ga masu ciwon suga da masu ciwon ƙoda, sai a koma a auna a babban yatsan ƙafa.

Akwai waɗanda wannan atisaye bai dace da su ba sai likita ya fara gyara wani abu. Na farko, wanda ƙafarsa ke ciwo yana kwance, musamman da dare, har sai ya sauko da ita daga gado ta yi lilo kafin ya samu barci. Na biyu, mai gyambo ko miki da ya ƙi warkewa a ƙafa, ko yatsan da ya fara baƙi. Waɗannan sun wuce matakin atisaye, ƙafar tana cikin haɗari, likitan jijiyoyin jini suke buƙata da gaggawa. Haka nan mai ciwon ƙirji da ke zuwa ko ba a yi aiki ba, mai gazawar zuciya da ba ta daidaita ba, wanda zuciyarsa ke bugawa ba bisa ƙa'ida ba kuma ba a shawo kanta ba, da wanda hawan jininsa ya haura 180 bisa 110 yana zaune. Kitsen da ya toshe jijiyar ƙafa ba ƙafa kaɗai yake zaɓa ba, sau da yawa yana nan a jijiyoyin zuciya da na wuya, shi ya sa ake son a duba zuciyar tukuna.

Awon farko

Kada ka fara ba tare da ka san inda kake ba, domin nan da wata biyu ba za ka tuna ba. Nemi wuri mai shimfiɗe wanda ka san tsawonsa, mita 30 ya isa, ka riƙa zuwa kana dawowa na minti shida da saurin da za ka iya. An yarda ka tsaya ka huta, amma agogo ba ya tsayawa. Abu uku za a rubuta: lokacin da ciwo ya fara, lokacin da ya tilasta maka tsayawa, da jimillar mitocin da ka ci. A asibiti sukan yi amfani da injin tafiya bisa tsarin Gardner: gudun kilomita 3.2 a awa, a fara a shimfiɗe, a ƙara tudu da kashi 2 cikin 100 duk bayan minti biyu har mutum ya ce ya isa.

Sannan ka koyi ba ciwon lamba, don duk aikin a kan wannan ma'auni ya rataya. Lamba 1, babu ciwo. Lamba 2, ka fara jin alama, tsokar ta yi nauyi. Lamba 3, ciwo ne sosai amma hira na iya ɗauke hankalinka daga gare shi. Lamba 4, ya yi ƙarfi, hankalinka duk yana kansa, takunka na neman canzawa. Lamba 5, ba ya jurewa. Inda ake so ka yi aiki shi ne tsakanin 3 da 4. Wasu cibiyoyi na tura mutum har kusa da 5. A ganinmu tsayawa a 4 ya fi, domin wanda aka gasa a makon farko da wuya ka sake ganinsa a mako na uku.

Yadda zaman atisaye ɗaya yake tafiya

Fara da duba ƙafafu, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Zura hannu cikin takalmi ka tabbatar babu tsakuwa ko ɗinkin da ya taso. Sannan minti biyar na ɗumama jiki: tafiya a hankali, juya idon sawu, ɗaga dugadugai kana dafe da bango.

Daga nan ka ɗauki saurin da zai kawo maka ciwo cikin minti uku zuwa biyar. Wannan shi ne mizanin. Idan ciwon ya zo tun minti ɗaya, ka yi sauri da yawa, rage. Idan ka shafe minti 10 ba ka ji komai ba, yawo kake yi, ƙara. A kan inji, galibi ana farawa da kilomita 3.2 a awa ba tudu, amma mutane da dama sai an sauko musu zuwa 2.4 ko ƙasa, kuma babu abin kunya a ciki. Da ciwon ya fara, wato lamba 2, kada ka tsaya. Ci gaba ka ratsa 3. Idan ya kai 4, tsaya cak.

Hutun a tsaye ko a zaune ake yinsa, ƙafa tana ƙasa. Kada a ɗaga ta kan kujera, domin nauyin jini da ke gangarowa na taimaka wa jijiyar da ta ƙuntata. Jira har ciwon ya tafi gaba ɗaya, yawanci minti biyu zuwa biyar. Da ya tafi, tashi. Mutane kan yi kuskure ta fuska biyu a nan: wani ya tashi da sauran ciwo, zagaye na biyu ya gagare shi tun minti ɗaya, wani kuma ya miƙe ƙafa ya kama hira minti 15, jiki ya huce, zaman ya tashi a banza.

A makon farko, jimillar tafiya ta minti 15 ta wadatar, ban da hutu. Ga yadda takardar wani mai farawa za ta iya kasancewa: minti huɗu tafiya, uku hutu; huɗu tafiya, uku hutu; uku da rabi tafiya, huɗu hutu; uku da rabi tafiya. Za ka lura zagayen ƙarshe sun fi gajarta, haka abin yake ga kusan kowa. A riƙa ƙara minti biyar kowane mako ko biyu har a kai minti 30 zuwa 45 na tafiya a zama ɗaya. A rufe da minti biyar na tafiya a hankali da miƙa tsokar sha-raɓa: dafa bango, mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, riƙe daƙiƙa 30. Sannan a sake duba ƙafafu.

Sau uku a mako shi ne mafi ƙaranci, makonni 12 kuma shi ne mafi ƙarancin tsawon shirin. A kan wannan lissafi ne shirin inshorar Medicare na Amurka ya fara biyan kuɗin zama 36 cikin makonni 12 a shekarar 2017.

Lokacin ƙara nauyi

Ranar da ka iya tafiyar minti takwas zuwa 10 a jere ba ka kai lamba 4 ba, aikin ya yi maka sauƙi, a zama na gaba sai a ƙara. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. A kan inji, tudu ake fara ɗagawa da kashi 1 ko 2 cikin 100 har a kai kashi 10, sannan a koma kan gudu ana ƙara kilomita 0.2 ko 0.3 a awa har kusan 4.8. Wanda ke tafiya a fili sai ya ƙara saurin taku ko ya shigar da hanya mai ɗan tudu. Burin kullum ɗaya ne: ciwon ya dawo cikin tazarar minti uku zuwa biyar. Riƙe ƙarfen inji da ƙarfi yana rage wa ƙafa aiki, a taɓa shi da yatsu don daidaito kawai.

Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, amma a wannan ciwo an gwada an ga tana hanawa. A binciken LITE da aka buga a 2021, an raba mutum 305 masu wannan cuta: wasu suna tafiya a gida da saurin da ke kawo ciwo, wasu da saurin da ba ya kawowa, wasu ba atisaye. Bayan shekara ɗaya, masu shiga cikin ciwo sun ƙara kusan mita 35 a gwajin minti shida. Masu tafiyar jin daɗi ba su ƙaru da komai ba, sun tashi daidai da waɗanda ba su yi atisayen ba, duk da sun fi kowa yawan mintocin tafiya.

Me ke canzawa a cikin ƙafar

Mutane da yawa na zaton tafiya na wanke toshewar. Ba ta wankewa, kuma idan aka sake auna ABI bayan wata uku, galibi lambar tana nan inda take. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Canjin a tsoka yake faruwa. Ƙarancin jinin da ake jawowa da gangan, a saki, a sake jawowa, yana tilasta wa tsoka ta ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini a cikinta, ƙwayoyinta su ƙware wajen tatsar oksijin daga ɗan jinin da ya iso, bangon jijiyoyi ya fi iya buɗewa idan an buƙata, takun mutum kuma ya daidaita har ya rage ɓarnar ƙarfi. Ƙafar tana koyon yin aiki mai yawa da guzuri kaɗan. Wannan ne ya sa ciwon atisaye ba ya nufin ana lalata tsoka. Ana fara ganin bambanci tsakanin mako na huɗu da na takwas, kuma ba baƙon abu ba ne mutum ya ninka nisan da yake ci kafin wata shida.

An taɓa gwada atisaye kafaɗa da kafaɗa da buɗe jijiya. A binciken CLEVER na 2012, masu toshewa a manyan jijiyoyin ƙugu da suka yi atisaye ƙarƙashin kulawa sun fi waɗanda aka sa wa bututun buɗe jijiya daɗewa a kan injin tafiya bayan wata shida.

Ciwon da ba a ratsawa

Ciwon tsoka da ke zuwa da tafiya ya tafi da hutu shi kaɗai aka yarda a shiga cikinsa. Nauyi ko matsewa a ƙirji, ciwon da ke bin hannu ko muƙamuƙi, haki da ya wuce misali, jiri, zufa mai sanyi, bugun zuciya da ya rikice: duk wanda ya zo daga cikinsu, a tsaya nan take a nemi taimako. A kula sosai da wannan daga wata na biyu. Da can ƙafa ce ke tsayar da mutum tun zuciya ba ta gaji ba. Yanzu da ƙafar ta samu ƙarfi, aikin ya fara isa ga zuciya, ciwon da ke ɓoye a can sai ya bayyana.

Idan ƙafa ta yi ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi sanyi, ta kwashe launi, ta mutu ko ta ƙi motsi, gudan jini ne ya rufe hanyar baki ɗaya. Awoyi kaɗan ake da su kafin tsoka ta mutu, asibiti kai tsaye. Ƙafar da ta kumbura ta yi zafi a gefe ɗaya ita ma ba a atisaye da ita sai an duba. Haka idan nisan da kake ci ya faɗi da rabi cikin 'yan kwanaki ba dalili, ko hutun minti 10 ya daina kore ciwon.

Ƙafa da takalmi

Ƙaramin bororo da mai lafiya zai manta da shi cikin kwana uku na iya zama gyambon wata shida ga wanda jini ba ya isa ƙafarsa, balle idan ciwon suga ya kashe masa jin taɓi. Takalmin ya zama rufaffe, mai laushin ciki, mai faɗin gaba, da tazarar kusan santimita ɗaya tsakanin dogon yatsa da bakinsa. A gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma saba da sabo a hankali, rabin awa a rana. Safa mai tsabta marar ɗinki mai kauri, marar roba mai matse ƙwauri. Safar matsi da ake ba masu kumburin ƙafa ba a sa ta sai da izinin likita, tana iya ƙara rage jinin. Ba a tafiya ba takalmi, ba a yanke fatar da ta yi kanta da reza, ba a ɗumama ƙafa mai sanyi da ruwan zafi ko a kusa da wuta. Jan wurin da bai koma daidai ba bayan rabin awa da cire takalmi alama ce takalmin na ci. Fata ta fashe, atisayen tafiya ya tsaya sai an gani.

Mai ciwon suga da ke kan allurar insulin ko ƙwayoyin da ke iya faɗar da suga ya auna kafin ya fara da bayan ya gama. Ƙasa da 100 a ma'aunin mg/dL, ya ɗan ci wani abu tukuna. Ƙasa da 70, ko rawar jiki da zufa da yunwa kwatsam, ya sha giram 15 na suga, ya jira minti 15 ya sake aunawa.

Idan tafiya ba ta yiwuwa, ko babu cibiya

Mai ciwon gwiwa, mai matsalar daidaito, ko wanda ke jiran miki ya warke yana da mafita. Keken da ake juyawa da hannu, abin mamaki, yana ƙara nisan tafiyar ƙafa, saboda yana gyara zuciya da jijiyoyin jiki baki ɗaya. Ana yin minti biyu aiki, minti biyu hutu, har sau 10. Keken motsa jiki na ƙafa ma yana taimakawa, sai dai cinya yake fi mora, sha-raɓa ba ta samun rabonta sosai. Atisayen ƙarfi sau biyu a mako, kamar tashi da zama daga kujera da ɗaga dugadugai sau 10 zuwa 15, ƙari ne mai kyau a kan tafiya.

Yin shirin a gida yana aiki idan yana da tsari. Cewa mutum “je ka riƙa tafiya” kawai, an daɗe da ganin ba ta kai ko'ina. Abin da ke riƙe shi shi ne ranaku da lokaci tsayayyu, hanya sananniya mai wurin zama a kusa, agogo, littafin rubuta mintoci da lambar ciwo, da ma'aikacin lafiya da zai duba littafin duk mako ko biyu ya ce a ƙara ko a dakata.

Magunguna da taba

Atisaye ba ya maye gurbin magani. Maganin hana jini daskarewa irin su asfirin da maganin rage kitse na rukunin statin suna kare mutum daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda su ne ainihin abin da ke kashe masu wannan cuta. Silostazol, miligiram 100 sau biyu a rana, na iya ƙara nisan tafiya, amma haramun ne ga mai gazawar zuciya, yana kuma iya kawo ciwon kai da gudawa. Idan wata uku ya wuce ba a ga amfaninsa ba, akan dakatar. Taba sigari kuwa, kowane kara yana matse jijiyar da ake wahalar buɗewa, kuma masu ci gaba da sha su ne suka fi kaiwa ga yanke ƙafa.

A ƙarshen mako na 12 a maimaita gwajin minti shida a wuri ɗaya, da takalmi ɗaya, a kwatanta da takardar farko. Idan an samu ci gaba, a riƙe sau uku a mako, domin ribar na zubewa cikin 'yan watanni idan aka daina. Wanda ya yi fashin mako biyu ko fiye saboda rashin lafiya ya koma baya da mataki ɗaya ko biyu ya sake hawa. Idan kuma an yi shirin da gaske wata uku, ciwon na hana aiki ko harkokin yau da kullum, lokaci ya yi da za a ɗauki hoton jijiyoyin a tattauna buɗe su. Bayan an buɗe ma tafiyar za a koma: binciken ERASE da aka yi a ƙasar Holan, wanda ya fito a 2015, ya nuna haɗa buɗe jijiya da atisaye ya fi atisaye shi kaɗai ƙara nisan tafiya, kuma likitan da ya yi aikin ne zai faɗi ranar da za a sake ɗaura takalmi.